Lodar da Aka Jingina wa Ɗakin Nana

A unguwar Ƙofar Na'isa, cikin birnin Kano, an yi wani saurayi mai suna Tajuddeen. Ba malalaci ba ne, kuma ba wanda zai ce masa maras kunya. Aibinsa ɗaya ne, amma ya ishe shi: ba ya iya ƙarasa abu. Zai fara aiki da zafinsa, kafin ya kai ƙarshe zuciyarsa ta riga ta tafi wani wajen. Ko shayi a tsaye yake sha, ya bar rabi a kofi. In ya ɗaure rago ƙulli ɗaya yake yi, ya ce yana zuwa ya ƙara. Wannan halin ne ya fitar da shi daga gida tun da ƙuruciya. Ya yi karen mota a hanyar Legas, ya tuƙa tifa a Abuja, ya yi aikin katafila a Fatakwal, kuma ko'ina da zarar ya fara sabawa sai ya ji garin ya yi masa ƙunci. Da ya dawo gida bayan shekaru, da jaka ɗaya da waya mai fasasshen gilashi, mutanen gidan sun yi murna, amma ba wanda ya tambaye shi ko ya dawo ke nan. Sun san shi.

Gidansu gidan Fulani ne da suka daɗe da zama a birni. Shanu sun ƙare tun zamanin kakansa, abin da ya rage sai ragunan da ake turkewa a tsakar gida da wata gona a bayan Kumbotso. Mahaifinsa ya rasu, ƙanin mahaifin, Baffa Usaini, shi ke riƙe da gida da gonar. Baffa yana da wata tsohuwar tarakta ja, da loda da ake ɗaura mata a gaba, hannuwa biyu na ƙarfe da wani ƙaton cokali mai kwasar kaya. Da rani da ita ake kwashe takin gari, toka da kashin dabbobin da ake tarawa a bakin lunguna, a zuba a tirela a kai gonaki. In damina ta kawo kai sai a cire lodar a ajiye, tarakta ta tafi ƙauye huɗa. Shekarar da Tajuddeen ya dawo gwiwa ta fara matsa wa Baffa, sai ya miƙa masa makulli, yana fatan ko sitiyari zai riƙe shi a gida.

To, lungun gidansu ko kurar ruwa da ƙyar take shiga, balle tarakta. Don haka lodar a waje take cin damina, a wani kango da ke bayan gidan, ba rumfa ba komai. Kangon nan a da kududdufi ne. Shara aka yi ta zubawa shekara da shekaru har ya cike ya zama fili. Da rani in ka taka shi sai ka rantse dandali ne, amma ƙarƙashinsa leda ce da toka da tsummokara. Can ƙarshensa kaɗai ke da ƙasa ta gaskiya, inda marmara ta fito.

Bangon gidan da ke kallon kangon kuwa, bangon ɗakin Nana Aisha ne, kakar Tajuddeen. Duk gidan an rushe an mayar da shi bulo, sai ɗakinta kaɗai ya rage na ƙasa, da rufin azara da indararo ɗaya mai zubar da ruwa ta baya. Marigayi mijinta ne ya gina shi da hannunsa, kuma duk wanda ya ce mata ɗakin ya tsufa, ranar ba zai sha furarta ba. Ƙafafunta sun yi rauni, yawancin yini tana kan gadonta, gadon kuwa a jikin wannan bangon yake.

Ranar da za a cire lodar, Baffa ya tsayar da Tajuddeen a zaure kafin shi Baffan ya hau motar da za ta kai shi gona da iri.

Ya ce, "Ka ga can ƙarshen kango, wajen marmara? Can za ka ajiye ta. Ka sa katako mai kauri a ƙarƙashin ƙafafunta. Ka kifa bakin cokalin ƙasa, kada ruwa ya zauna a ciki. Sandunan nan masu ƙyalli da ke shiga da fita, ka shafe su da giris, in tsatsa ta ci su sun gama aiki. Bakin tiyon mai ka ɗaure da leda ka rataye sama. Sannan ka ja mata tamfol."

Tajuddeen ya yi dariya ya ce, "Baffa, katafila fa na tuƙa. Wannan ai 'yar jikarta ce."

Baffa ya ce, "Na sani. Ban ce ba ka iya ba. Cewa na yi ka yi."

Da hantsi Tajuddeen ya shigo da tarakta kango. Sai ya tarar maƙwabcinsu, Malam Ɗahiru, ya jibge itacen girkin iyalinsa a kan marmarar. Ba a taɓa kayan maƙwabci sai da izininsa, Malam Ɗahiru kuwa yana kasuwa, sai bayan azahar zai dawo. Abin da ake buƙata kawai shi ne mutum ya zauna a zaure ya jira. Tajuddeen ya dubi itacen, ya dubi hadarin da ke haɗowa ta gabas, ya ji ƙafarsa tana kaɗawa da kanta. Sai ya juya sitiyari ya raɓa da lodar jikin bangon Nana. Ya sauko ya buga dunduniya a ƙasa, ya ji tauri.

Ya ce a ransa, "Ga tauri, ga inuwa. Me kuma ake nema?"

Ya sauke ƙafafun lodar a kan ƙasa tsurarta, ya zare ƙusoshin, ya cire tiyo ya yar a nan. Cokalin ya bar shi yana kallon sama yadda ya ɗauko kayan ƙarshe. Gwangwanin giris da tamfol suna zaure, nan da can, amma ya ga kamar tafiyar yini ce.

Daga 'yar tagar ɗakin aka ce, "Wane ne yake girgiza min ɗaki?"

"Mijinki ne, Nana. Lefe na kawo miki, ƙarfe zalla."

"Miji ko baƙo? Ni ban san mijin da ba ya ɗumama tabarma ba. Ka matsar min da tarkacenka daga bayan ɗaki."

"Jibi zan dawo in gyara komai."

Ta ce, "Na san jibinka. Da jibi ka tafi Legas, ka dawo da gemu."

Ya yi dariya, ya tayar da tarakta ya fita ta Ƙofar Na'isa, yana jin daɗin ya riga ruwa.

Damina ta sauka da ƙarfinta. Abin da Tajuddeen bai ɗaga kai ya duba ba shi ne, ya ajiye cokalin daidai ƙarƙashin indararon Nana. Duk ruwan da ya sauka a kan rufin, cikin cokalin yake zuba. Da fari ma kowa ya ji daɗi. Matan unguwa suka samu wajen ɗibar ruwan wanki, ana shayar da raguna, har wata ta ce Allah ya yi wa wanda ya ajiye abin nan albarka. Amma in cokalin ya cika sai ya tumbatsa, ruwan ya bi gindin bango ya kwanta, ya riƙa nitsewa cikin sharar da ke ƙasa.

Wadda ta fara lura ita ce Adda Mardiya, yayar Tajuddeen, malamar makaranta, wadda ke kula da Nana. Wata Juma'a da ya shigo gari ta tare shi yana saka takalmi.

Ta ce, "Ka leƙa bayan gida kuwa? Gindin bangon Nana ba ya bushewa. Sauro ya hana mu sakat. Kuma ni dai a idona abin nan ya fara karkata."

Ya leƙa ta kan katanga, daga nesa. Ya ce, "Idonki ne, Adda. Ƙarfe ne fa, ba kara ba. Kuma ba ta matsuwa sai da tarakta, tarakta kuwa tana gona."

"Kwashe ruwan ma sai da tarakta? Giris ɗin da ke zaure, shi ma tarakta ce za ta shafa?"

"Sati mai zuwa, in sha Allahu."

"Ka dai riƙa jin tsoron Allah da in sha Allahun nan naka."

A gona kuma Baffa ya tambaye shi, "An yi duk abin da na ce?" Tajuddeen yana duba tayar tarakta, bai ɗago ba ya ce, "An yi, Baffa." A ransa bai ɗauke ta ƙarya ba, tun da dai yana da niyyar yi. Ga shi kuma a kwanakin nan wani abokinsa Nazeer ya dame shi da waya daga Fatakwal, wai an samu sabon aikin hanya ana neman direbobi. Tun daga nan gonar ta fara yi masa ƙunci. Yana kan tarakta yana huɗa, zuciyarsa tana tasha. Har ya haɗa jakarsa ya tura ƙarƙashin gado a ɗakin gona, yana jiran ranar da zai iya kallon idon Baffa ya faɗa.

Aka shiga tsakiyar damina, lokacin marka. Wata rana aka wayi gari da ruwa, ba mai ƙarfi ba, irin mai nacin nan da ba ya ɗaukewa. Ba a fita aiki ba. Ana idar da azahar wayar Tajuddeen ta yi ƙara. Adda Mardiya ce, kuma muryarta ba irin ta faɗa ba ce, a kwance take, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan.

Ta ce, "Tajuddeen, lodarka ta kwanta a jikin bangon Nana. Ƙafa ɗaya ta nitse. Bangon ya tsage daga sama, ƙasa tana zubowa kan gado."

"Ku fito da ita, Adda. Yanzu."

"Ta ƙi. Na roƙe ta, Malam Ɗahiru ya tsaya a bakin ƙofa ya roƙe ta. Ya ce mata ɗakin ya tsufa ba zai ɗauka ba, sai ta juya mana baya. Na kama hannunta ta riƙe ƙafar gado. In na ja ta da ƙarfi zan karya ta."

Baffa yana zaune a kan buzu da carbi a hannu, ya ji komai. Ya dubi Tajuddeen.

"Ba a kan marmara ka ajiye ta ba?"

"A'a, Baffa."

"Katako?"

"Ban sa ba."

Baffa bai tambayi sauran ba. Ya dafa bango ya miƙe ya ce, "Ɗauko sarƙa. Tayar da tarakta."

Ba abin da ya taɓa yi wa Tajuddeen tsawo a rayuwarsa kamar hanyar nan. Ya bi ta ba adadi, amma bai taɓa sanin tarakta ba ta da sauri ba sai ranar. Ya taka ta har ƙasa, ta yi ta ruri tana fitar da baƙin hayaƙi, tafiyar dai ita ce ita. Motoci suna wuce su suna watsa musu ruwa, har mai keke da buhu a kansa ya jera da su na ɗan lokaci. Baffa yana zaune a kan murfin taya, ya lulluɓa da leda, ya riƙe gwiwarsa. Sau ɗaya ya yi magana.

Ya ce, "Sassauta mata. Ba ta wuce haka. In ka kashe ta a nan, da ƙafa za mu ƙarasa."

Tajuddeen ya zaro waya zai kira Adda, sai ya ga ruwa ya shiga ta fasasshen gilashin, ta mutu. Shekara guda yana cewa zai canza gilashin nan. Daga nan ba shi da labarin komai, sai abin da zuciyarsa ke nuna masa. Ya tuna lokacin da kangon yake kududdufi, yadda shi da yaran unguwa suke kama tarwaɗa a daidai wajen da ya ajiye lodar, ruwa har wuyansu. Ya sani sarai. Ba wanda ya fi shi sanin abin da ke ƙarƙashin ƙasar nan. Ya tuna gwangwanin giris a zaure, da muryar Nana ta taga. Ya riƙa karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa, yana haɗa farkon wata da ƙarshen wata.

Ana kiran la'asar suka shigo ta Ƙofar Na'isa. Tun daga bakin kango ya hango mutane tsaye da lema da buhuna a ka. Abin da ya fara nema da ido shi ne bangon. Yana nan tsaye. Ya gode wa Allah. Amma lodar ta kwanta a kansa da dukkan nauyinta, hannunta ɗaya ya nitse cikin yaɓen, ga cokalin cike fal da ruwa, indararo yana ƙara masa.

Ya dira ya bar tarakta a kunne, ya zaga ta lungu ya faɗa gida. Adda Mardiya tana tsaye a ƙofar ɗakin, zaninta jiƙe. Ta matsa masa ya shige.

Ɗakin yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Bangon ya yi ciki, tsagar ta taho daga azara har kusa da kan gado, ana ganin haske ta cikinta. Nana tana zaune a tsakiyar gadon da carbinta, ƙasa ta zuba a kan mayafinta ba ta kaɗe ba.

Ta ce, "Au, baƙo ya zo. Jibin ta yi ke nan?"

"Nana, tashi mu fita."

"Kai ma cewa za ka yi ya tsufa? Duk sun faɗa. Marigayi Malam ya gina ɗakin nan tun ubanka bai iya tafiya ba. Da ƙafarsa ya taka ƙasar, ni na riƙa kawo masa ruwa. An yi damunan da suka kwantar da gidajen bulo a unguwar nan, ko gezau bai yi ba. Yau don an ga ba ya raye sai a ce aikinsa ya lalace?"

Tajuddeen ya buɗe baki zai ce ba lokacin wannan maganar ba ne. Hannunsa har ya kai zai sunkuce ta. Sai ya ga yadda ta damƙe ƙafar gadon, ya gane in ya yi gaggawa a nan ma ɓarna zai ƙara. Ya durƙusa a gabanta, ƙasa tana zubo masa a ƙeya.

Ya ce, "Nana, ɗakin nan bai tsufa ba. Ginin Malam ba shi da laifi ko kaɗan. Ni na jingina masa ƙarfen da ya fi motar haya nauyi, na tara masa ruwa a gindi damina guda. Da bulo ne da tuni ya faɗi. Shi ne ya riƙe har na zo. Amma kada mu ƙara masa, ya yi iya nasa."

Ta dube shi. Sannan ta juya wajen ƙofa ta ce, "Mardiya, kin ji ko? Ki faɗa wa Ɗahiru. Ba ginin ba ne, wannan shashashan ne."

Adda ta ce, "Na ji, Nana. Zan faɗa wa unguwa gaba ɗaya."

Nana ta saki ƙafar gadon. Ta ce a ɗauko mata sandar kiwon Malam da ke rataye, da tsohuwar ƙwaryar tatsarta, da rediyo. Adda ta kwashe su a hannu ɗaya. Tajuddeen ya juya wa Nana baya ya tsuguna, ta ɗora hannuwa a kafaɗarsa, ya miƙe da ita. Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin har ya ba shi tausayi.

Suna ratsa tsakar gida cikin ruwa ta ce masa a kunne, "A hankali, kada ka zubar da ni. Ni da na goya ka ban yi ta gudu da kai haka ba."

Ya sauke ta a ɗakin Adda, a kan katifa, aka lulluɓa mata bargo. Da ya fito sai ya zauna a bakin rijiya ruwa yana dukansa, yana ta faɗin alhamdu lillahi. Bai daɗe ba ya ji muryar Baffa ta bayan katanga yana kiransa, don aiki bai ƙare ba.

Da lodar an ajiye ta yadda ya kamata, da abin mai sauƙi ne: a shigo da tarakta, a haɗa tiyo, ta ɗaga kanta. Amma da Tajuddeen ya tono bakin tiyon daga cikin taɓo, ya tarar laka ta cushe su, tsatsa ta kama. Ya goge, ya hura, ya danna, suka ƙi shiga. Sandunan nan masu ƙyalli kuwa sun yi ja, sun yi ƙuraje kamar bayan kada. Baffa ya shafa ɗaya da yatsa, ya duba yatsan, ya goge a rigarsa.

Dole aka koma aikin hannu. Malam Ɗahiru ya kawo azara aka tokare lodar ta gefe. Aka karkatar da indararo da wani guntun kwano. Maza suka yi layi da bokitai suna kwashe ruwan cokalin, Tajuddeen yana ciki tsamo-tsamo har gwiwa yana miƙo musu. Malam Ɗahiru yana karɓa yana cewa, "Ai da ka jira ni ranar, Tajuddeen, itacen nan ko rabin sa'a ba zai ɗauke mu ba. Har shayi da na ba ka, ka sha rabi."

Aka yi dariya, shi ma ya yi.

Da cokalin ya yi sauƙi aka ɗaura sarƙa a hannun lodar, aka shimfiɗa itacen Malam Ɗahiru a ƙarƙashin tayoyin tarakta don kada su nitse. Tajuddeen ya hau. Baffa ya tsaya a gefe ya ɗaga hannu.

Ya ce, "In ka fizga, bangon zai biyo ta, ya faɗo kan mutane. Kaɗan-kaɗan. In na ce tsaya, ka tsaya."

Haka aka yi. Ya ja kamar faɗin tafin hannu, Baffa ya ce tsaya, aka gyara azara. Ya sake ja, aka sake tsayawa. Duk jikinsa yana ce masa ya taka a gama, amma ya danne. Bai taɓa yin aiki a hankali haka ba tun da aka haife shi. Can lodar ta yi wata ƙara, ta rabu da bangon, ta zauna a kan azarar da aka shirya mata.

Kowa ya zuba wa bangon ido. Ya tsaya kamar ba abin da zai same shi. Sannan saman da ya tsage ya saki a hankali, ya rufta ciki. Da aka leƙa, gadon Nana ba a ganinsa, ƙasa ta binne shi har filo. Sauran ɗakin da rufin suna nan daram.

Malam Ɗahiru ya ce, "Inna lillahi. Allah ya tsare." Kowa ya riƙa maimaitawa. Baffa ya zauna a kan tayar tarakta ya rufe fuska da tafin hannu na ɗan lokaci, don Nana uwarsa ce. Da ya ɗago ya dubi Tajuddeen, sai ya ce kawai, "Je ka faɗa mata."

Tajuddeen ya shiga ya durƙusa ya faɗa mata. Nana tana shan kunun da Adda ta dama mata. Ta ajiye ludayi ta ce, "Rufin fa?"

"Yana nan."

"Na faɗa muku." Ta ɗauki ludayinta. "To, wanda ya rushe shi zai gina. Kuma da ƙasa, kada in ga bulo ko ɗaya. In ka ga dama ka ce min jibi."

Ya ce, "Ba zan ce ba."

Washegari da ya samu aron waya ya kira Nazeer ya ce a ba wani aikin. Ginin ƙasa ba ya yiwuwa cikin ruwa, sai da aka jira kaka, aka rufe gurbin da tamfol ɗin nan da ke zaure tun farkon damina. Da ruwa ya ɗauke aka kawo jar ƙasa, aka kira magini, Tajuddeen ya naɗe wando ya shiga taka ta da ƙafa. A nan ya ga aikin da ba ya jin lallashi: sai an kwaɓa a bar ta ta kwana, a yi tubali a jira ya bushe, a ɗora sahu a jira ya kama kafin a ɗora wani. Nana tana kan kujera da sandar Malam tana nuna masa inda bai taku ba. Lodar kuma ba ta fita lafiya ba. Da aka ɗaura ta, sandunan da tsatsa ta ci suka yayyaga robobin ciki, mai ya riƙa tsiyaya, ta yi makonni a wajen makanike, takin farkon rani ya wuce su. Baffa bai taɓa tayar da maganar ba, kuma bai karɓi makullinsa ba.

Da damina ta sake kawo kai, Tajuddeen ya je ya yi wa Malam Ɗahiru sallama tun da sassafe, suka kwashe itace tare. Ya ajiye lodar a kan marmara, ya sa katako, ya kifa cokali, ya zauna ya shafe kowace sanda da giris har ƙarshenta, ya ɗaure bakin tiyo ya rataye, ya ja tamfol ya ɗaure shi ƙulli biyu. Hadari yana ta haɗowa, bai ko dube shi ba. Yana gamawa ya ji murya daga sabuwar tagar.

"Wane ne a bayan ɗakina tun safe, shiru kamar ɓarawo?"

"Mijinki ne, Nana."

Ta ce, "To shigo ka sha fura. Ka zauna ka shanye, ba na son ragowa."

Ya shiga, ya zauna, ya shanye.

Darasin da ke cikin labarin nan shi ne, aikin da aka bari a rabi ba ya tsayawa inda aka bar shi yana jiran mai shi. Ruwa yana shigarsa, tsatsa tana cinsa, ƙasa tana zamewa a ƙarƙashinsa, kuma sau da yawa wanda zai faɗo wa ba shi ne ya yi sakacin ba. Tajuddeen ya san duk abin da ya kamata ya yi, abin da ya rasa haƙurin zama na rabin yini ne, kuma saura kaɗan ya biya da ran kakarsa. Allah ya rufa masa asiri, amma ba kowa ke samun irin wannan rangwamen ba. Don haka in an ba ka amanar kaya, ko inji ne ko wani abu, ka ajiye shi yadda zai jure rana da ruwa, ka duba abin da ke kusa da shi da wanda ke kwance a bayan bango, kuma kada ka ce an yi sai ka yi. In zuciyarka ta ce maka tashi mu tafi, ka ce mata ta jira ka ɗaure ƙulli na biyu.